Jajayen Ɗigo a Bayan Danang

A ƙauyenmu akwai wata yarinya 'yar aji biyar. A gida Nduk ake ce mata, kamar yadda ake ce wa kowace 'ya mace a wajenmu. Tana da ƙane ɗaya, Danang, ɗan shekara shida. Babansu yana aiki a jirgin ruwa, ba kasafai yake zuwa gida ba. Mahaifiyarsu, da suke kira Ibu, tana sayar da soyayyar ayaba a kasuwa. Kakarsu, Simbah, ita ce mai zaman gida.

Yarinyar ba laifi wajen karatu, amma rawa ce ta fi ɗauke mata hankali. An zaɓe ta cikin yara shida da za su yi rawar ɗawisu a gasar makarantu. Ranar Asabar za a yi gasar, a babban gari. Tun da aka zaɓe ta ba a sake hutawa a gidan ba. Tana shara tana rawa, tana wanke-wanke tana kaɗa wuya. Har kajin gidan sun daina gudu idan ta ware hannu.

Ibu ce za ta yi mata kwalliya, ita ce kuma za ta kai ta a babur. Babur ɗaya ne a gidan, mai tuƙa shi ma ɗaya ce.

Lokacin damina ne, sauro ya yi yawa. Wata rana malaminsu, Pak Sutris, ya shigo aji da kofin gilashi a hannu. Yara suka ɗauka shayi zai sha. Sai ya fara yi musu bayanin zazzaɓin dengi, wanda sauro ke kawowa.

Ya ce, "Idan yaro yana zazzaɓi, kuka ga jajayen ɗigo a fatarsa, ku danna kofi a kai. Idan ɗigon bai ɓace ba, ku gaya wa babba a ranar. Ban ce gobe ba."

Ya ƙara da cewa wannan zazzaɓi mayaudari ne. Yakan sauka, a ɗauka an warke, alhali a lokacin ya fi haɗari. Pak Sutris mutum ne mai maimaita magana har a gaji, don haka kowa ya haddace. Da aka yi gwaji a kan darasin, yarinyar ta ci goma bisa goma.

Ana sauran 'yan kwanaki gasar, zazzaɓi ya kama Danang. Ranar Alhamis yarinyar ta dawo daga makaranta ta same shi kwance. Ibu tana kasuwa. Simbah ta leƙa karatun mata a masallaci.

Danang ya ce, "Mbak, rigata ta jiƙe. Cire min." Mbak yake kiranta, wato yaya.

Ta cire masa rigar. Sai ta ga wasu ƙananan ɗigo ja a bayansa, kamar an ɗiɗɗiga da bakin biro. Ta je kicin ta ɗauko kofin gilashi, ta danna a kai. Ta leƙa ta cikin gilashin. Ɗigon suna nan, ko ɗaya bai ɓace ba.

Ta ji tsoro saboda Danang, wannan gaskiya ne. Amma nan da nan wani tunani ya biyo baya. Idan aka kai shi asibiti, Ibu za ta tare a can. Idan Ibu ta tare a can, babu mai kai ta gasa.

Akwai tsohuwar waya da Ibu ke bari a gida saboda aikin makaranta. Yarinyar ta ɗauko, ta shiga intanet ta rubuta abin da ta gani. Amsar farko ta ce a je asibiti. Ta wuce ta. Ta biyu ma haka ta ce, ita ma ta wuce ta. Ta yi ta jan yatsa har can ƙasa, inda wata mata ta rubuta cewa ɗanta ya taɓa yin irin haka, ashe ƙurajen zafi ne kawai. Yarinyar ta tsaya a nan ta karanta a tsanake, sannan ta kashe wayar. Wayar ba ta yi mata ƙarya ba. Amsoshi da yawa ta ba ta, ita ce ta zaɓi wadda ta yi mata daɗi.

Da Simbah ta dawo, ta taɓa goshin Danang, ta girgiza kai.

Yarinyar ta ce, "Ina ga sanyi ne ya shige shi, Simbah. Ko za ki karza masa baya?"

Simbah ta dube ta da mamaki. Ta ce, "Yau kuma? Ba ke ce kike cewa kerokan aikin 'yan da ne ba?"

Amma ta ji daɗi. A wajenmu duk wanda sanyi ya shiga, kerokan ake yi masa, wato karza baya da kuɗin ƙarfe, kuma a unguwarmu babu mai hannun Simbah. Ta ɗauko tsohon kuɗinta na ƙarfe da man kwakwa mai albasa. Ɗakin ba haske sosai, idon Simbah kuma ya yi rauni. Ta shafa man, ta shiga karza bayan Danang da gefen kuɗin, layi bayan layi. Danang yana ta mutsu-mutsu yana cewa da zafi.

Simbah ta ce, "Yi shiru, sarkin raki. Nduk, kin ga yadda ya yi ja? Sanyi ne ba kaɗan ba."

Yarinyar ta leƙa. Bayan Danang ya cika da jajayen layuka. Ɗigon sun ɓace a cikinsu.

Da yamma Ibu ta dawo a gajiye. Ta ɗaga rigar Danang, ta ga layukan, ta ce Simbah ta kyauta. Ta ba shi maganin zazzaɓi. Washegari kuwa zazzaɓin ya sauka. Ibu ta yi hamdala. Simbah ta ba maƙwabta labari, wasu ma sau biyu.

Yarinyar kaɗai ce ba ta yi murna ba. Maganar Pak Sutris ta ƙi fita daga kanta. Ta kasa cin abinci. Ibu ta ɗauka fargabar gasa ce, har ta yi mata dariya. Shi ma Danang ya ƙi cin shinkafarsa, ya ce cikinsa ne ke ciwo.

Ranar Asabar da safe Ibu ta zaunar da ita ta yi mata kwalliya. Ta sa mata riga kore mai fukafukai, ta ɗora mata hular ɗawisu. Ba ƙarya, ta yi kyau. Ibu ta fito da babur ta tayar. Simbah ta ce su tafi abinsu, yaro ya samu sauƙi.

Yarinyar ta koma ɗaki don ta ɗauko gyalen rawarta. Danang yana kwance ya naɗe kamar mage. Ya buɗe ido ya dube ta.

Ya ce, "Mbak, kin zama tsuntsuwa. In kin ci kyauta ki raba da ni."

Ya yi murmushi. Sai ta ga jini a haƙoransa. Ta kama hannunsa, ta ji shi da sanyi kamar an tsoma a rijiya. Ta tsaya cak. A waje Ibu tana danna mata oda.

Ta fito ba gyale. Ta tsaya gaban babur ta ce, "Ibu, akwai jajayen ɗigo a bayan Danang. Na danna kofi ba su ɓace ba. Yanzu kuma bakinsa yana jini."

Ibu ta kashe babur. Ta ce, "Yaushe kika gan su?"

"Tun ranar Alhamis."

Ibu ta dube ta kawai. Ba ta yi faɗa ba, yarinyar kuwa da faɗan aka yi mata da ta fi samun sauƙi. Ibu ta shiga ta ɗauko Danang. Ta ce wa yarinyar ta hau baya ta riƙe shi da kyau. Haka suka bi ta tsakiyar gonakin shinkafa su uku, fukafukan rigar suna ta kaɗawa.

A asibiti nas ta ɗaga rigar Danang ta ga layukan kerokan. Ta ce da wuya a gane komai a wannan baya. Ta tambaya ko an ga ɗigo kafin a karza shi. Yarinyar ta ba da amsa, kanta a ƙasa. Ta faɗi ranar da zazzaɓi ya fara, da ranar da ya sauka. Aka ɗebi jininsa. Ba a jima ba aka ɗaura masa ƙarin ruwa, aka ba shi gado.

Likita ya ce dengi ne. Ya ce sun zo a kan gaɓa, da sun ƙara yini guda da abin ya yi muni.

Yarinyar ta zauna a kan benci a waje, cikin kayan ɗawisu. Duk wanda ya wuce sai ya waiwayo. A daidai lokacin abokanta suna can suna rawa su biyar, da gurbi a tsakiya. Ba su ci gasar ba. Sun daɗe suna jin haushinta, kuma suna da gaskiya.

Da la'asar wani maƙwabci ya zo zai mai da ita gida. Ibu ta rako ta bakin ƙofa. Ta ce an gaya mata Simbah tana can tana kuka, tana cewa ita ce ta kusa kashe jikanta.

Ibu ta ce, "Ni kin gaya min. Saura ita."

Wannan ya fi komai yi wa yarinyar nauyi. Ta samu Simbah zaune a baranda, abincinta a rufe ba ta taɓa ba. Ta durƙusa a gabanta, ta faɗa mata komai, har da zancen waya.

Simbah ta ce, "Wato kin gani, shi ya sa kika ce in karza shi."

"E, Simbah."

"Ni kuwa na ɗauka kin fara yarda da hannuna ne. Idona ba ya gani sosai, Nduk, naki yana gani. Sai kika ari hannuna kika rufe abin da kika gani."

Yarinyar ta fashe da kuka. Ta kama hannun Simbah ta ɗora a goshinta, ta roƙi gafara. Simbah ta bar ta ta yi kukan mai isarta. Daga baya ta ce ta tashi ta wanke fuska, kwalliyar duk ta dame. Ta raba abincin biyu, suka ci tare.

Ranar Litinin yarinyar ta je wajen Pak Sutris da kanta ta ba shi labari. Ya saurara har ta gama.

Ya ce, "Kin ci goma a takarda, na tuna. Amma ba don takarda na koya muku ba. Don Danang na koya muku."

Ta ce ta gane. Ya ce ta je aji, kuma ta gaishe masa da mai jiki.

Danang ya yi kwanaki a asibiti, sannan aka sallame shi. Ya dawo a rame, amma da yunwar mutum uku. Ranar da ya dawo ya cinye ayabar da Ibu za ta kai kasuwa, babu wanda ya hana shi. Yarinyar ta zauna tana kallonsa yana ci, daɗi ya cika ta.

Simbah ba ta daina kerokan ba. Har yau duk wanda wuyansa ya sage, wajenta yake zuwa. Amma idan aka kawo mata yaro mai zazzaɓi, ba ta taɓa shi. Sai ta kira jikarta, ta ce a fito da shi haske a duba. Yarinyar takan duba a hankali, ta faɗi abin da ta gani, ko da ba shi ake so a ji ba.

Ta koyi cewa idan ka ga alamar ciwo, ka gaya wa babba nan take, ko da faɗin zai raba ka da abin da kake so. Rawa ana iya sake yi wata shekara. Ƙanenta kuwa guda ɗaya ne.