Sunan da Aka Kankare

Magariba ta kawo jiki a unguwar Taman Melati, ba masallacin da ya buɗe ƙofa, don shekarar kullen annoba ce. Ladan ya yi kira shi kaɗai, ya ce kowa ya yi salla a gidansa. Ɗelu tana kwashe shanya a baranda, sai wani abu ya faɗo gaban ƙafarta. Ta duƙa ta ɗauka. Tsakuwa ce baƙa, mai santsi irin ta bakin rafi, da zafinta kamar daga murhu aka zaro ta. Su kuwa a hawan ƙarshe suke, babu kowa a samansu sai rufi.

Ta leƙa falo. Mijinta Abdulbaƙi yana zaune ya zuba wa takobinsa ido, fuska a murtuke.

Karatun digiri na uku ya kawo shi nan ƙasar Malayawa, a kan ilimin ƙarafa, kuma ba ya bari a manta da haka. Daf da kulle ya sayo takobin a wurin wani tsoho a unguwar Brickfields, wanda ya ce sojojin Japan ne suka bar shi tun zamanin yaƙin duniya. Tsohon ya nuna masa yadda ake zare ƙusar gora a cire ƙota. A jikin jelar ƙarfen da ke ɓoye a ciki maƙeran Japan suke sassaƙa sunansu. Tsatsa ta rufe wurin, baƙa wuluk. Tsohon ya kaɗa yatsa ya ce, "Jangan cuci." Wato kada ka wanke.

Da jami'a ta rufe, takobin ya zama aikinsa. Ya ɗora takarda ya goga tawada, ya kafa gilashin ƙara girma, ya kwatanta zane da zane a waya. Ya gano sunan garin maƙerin, ya gano kalmar da ke cewa "ya ƙera". Sunan mutumin dai yana kwance a ƙarƙashin tsatsa, ana ganin inuwarsa, ba ya karantuwa. Masana a intanet suka ce ya riƙa haska fitila daga gefe, ya yi haƙuri, kada ya taɓa, tsatsar ita ce shekarun takobin.

"Ji masu bautar datti!" in ji shi. "Ni za su koya wa ƙarfe? Kakana maƙeri ne. A gidanmu ƙarfe mai tsatsa na rago ne. Maman Afnan, ba ni lemun tsami da soson waya."

"Na tukunyata?"

"Ba ni, lah," ya ce, da irin "mana" ɗin mutanen ƙasar.

Ya dirje shi har ya yi ƙyalli kamar cokalin amarya. Da ya ɗauraye, babu tsatsa, babu suna.

Ran nan aka fara jifan. Kullum rana ta faɗi sai tsakuwa ta sauko, sai a ji ƙarar guduma a cikin bango, a hankali, kamar mai aikin ba ya gaggawa. Warin gawayi ya cika gidan da ba a taɓa hura gawayi a cikinsa ba. Abdulbaƙi ya ce famfon maƙwabta ne. Ɗelu ta dube shi, ta taɓe baki, ta ci gaba da tara tsakuwa a kwano.

Sai abin ya faɗa kan Afnan, 'yarsu ɗaya tilo. A nan aka haife ta. In aka yi mata Hausa, da Turanci ko Malayanci take amsawa. Wata magariba suka same ta a durƙushe tana dukan daɓe da dunƙulen hannu, jikinta zafi rau. Ta ɗago kai, ta ce da muryar tsoho, cikin Hausa tsantsa, "Ina mai goge-gogen?"

Ɗelu ta kira Malam Yahuza, wanda ke limancin Hausawa a unguwar Kampung Baru. Ya ratso shingen 'yan sanda da ledar abinci a hannu, kamar mai kai saƙo. Ya zauna da takunkuminsa, ya fara karatu. Karatu ya yi nisa, yarinya ta yi miƙa, ta yi wata dariya marar daɗi.

"Kun toshe hanci don tsoron abin da ba ku gani. Ni ma ba ku ganina, amma ni aka raina."

"Wane ne kai?" in ji Malam. "Me yarinya ta yi maka?"

"A gefen wutar maƙerin nan na zauna. Bai san da ni ba. Yana ninka ƙarfe kamar yadda mace ke ninka zane, ni ina kallo. Ya mutu, 'ya'yansa suka mutu, garin ya ƙone. Duk duniya ba inda sunansa ya saura sai tsawon yatsa ɗaya a jikin ƙarfen nan. Mu mun daɗe, muna mantuwa. Kullum magariba sai na bi zanen da yatsana in tuna. Yanzu na nema a bakina, babu."

Idon Afnan ya juya kan ubanta.

"Sojoji sun sari mutane da shi, ba su taɓa sunan ba. Ɓarayi sun sace shi, ba su taɓa ba. Sai da ya zo hannun mai digiri. Da soson tukunya!"

Abdulbaƙi ya ce, "Zan bincika, akwai littattafai..."

"Rufe mana baki. Ni ma zan dirje wannan, har ta yi ƙyalli, ba kowa a ciki."

Ɗelu ta ƙwalla salati. Malam ya ce, "Ka ji tsoron Allah. Ba ka da haƙƙi a kanta."

"To a biya suna da suna. Ba na takardun ubanta ba, wa ke son wannan? Akwai wanda ke sassaƙe a zuciyar yarinyar nan tun tana rarrafe. Abba. Shi zan kankare, in tafi."

"Kada ka amsa masa," in ji Malam. "Mu ci gaba da karatu, zai fita ko da ya kai gobe."

Ɗelu ta taɓa goshin 'yarta, ta janye hannu da sauri. Leɓen yarinyar ya tsage, numfashinta na yankewa. Ta dubi mijinta, ta zaci zai kawo wata hujjar. Ba ta taɓa ganin ya rasa ta ba.

"Ɗauka," ya ce.

Afnan ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta. Gudumar bango ta buga sau ɗaya, ta yi shiru. Tsakuwar kwano ta huce.

Da ta buɗe ido ta gane uwarta, ta gane ɗakinta, har ta nemi ruwa. Sannan ta ga mutumin da ke durƙushe yana kuka, ta maƙale a bayan Ɗelu.

"Mama, siapa uncle ni?" Wane ne wannan baƙon?

An gaya mata, an nuna mata hotuna. Ta gyaɗa kai don ladabi, washegari ta sake tambaya. Ɗelu ta so a tsananta, a yi ta nanata mata har ya zauna. Abdulbaƙi ya ce a'a, kada a dirje ta.

An janye kulle, masallatai suka buɗe. Har yau in magariba ta yi, Ɗelu takan gan shi zaune can gefe, ba kusa ba, hasken taga na faɗa wa fuskar Afnan a karkace. Ba ya miƙa hannu. Wani lokaci yarinyar takan ɗago ta dube shi, leɓenta ya motsa kaɗan, sai ta koma kan wasanta. Shi kuwa ya gyara zama, ya ci gaba da duba.