Zannuwan da Dada Ta Ɓoye

Khairiyya na durƙushe a falonsu na unguwar Federal Low-Cost tana hawaye, surukarta Dada Fatimatu kuwa sai kaɗa wata tsohuwar takarda take yi.

"Ga gwajin da aka yi wa Shu'aibu kafin aure, fes! To ke a ina kika kwaso wannan cuta?"

Makon jiya ne Khairiyya ta je gwajin bakin mahaifa, aka tarar ƙwayar HPV ta fara taɓa wurin, aka ƙona shi da na'ura cikin 'yan mintoci. Ita ta gaya wa mijinta da bakinta, shi kuma ya kai wa uwarsa.

Shu'aibu ya sunkuyar da kai. "Dada, wancan gwajin jini ne, ba ya nuna ta. Ƙila ma ni ne na..."

"Rufe min baki! Kan Juma'a ka ba ta takardarta!"

Ranar Laraba Khairiyya ta ɗauki mayafi za ta gidan Dada. Shu'aibu ya tare ƙofa, idanunsa jawur.

"Haba bebi, bayan duk abin da ta faɗa?"

"To wa zai yi mata wanki?"

A can unguwar Bagadaza ko gaisuwarta Dada ba ta amsa ba. Khairiyya na tattara kayan wanki ta janyo ƙunshi daga ƙarƙashin gado: zannuwa uku, duk jini. Ta tsaya tana duban su, don Dada ta shekara takwas da daina al'ada.

"Dada, tun yaushe?"

"Wa ya aike ki? Marar kunya!" Sai muryarta ta karye. "Wata huɗu... Wa zan gaya wa, ni da jikoki?"

"Ni za ki gaya wa. Ko gobe za a sake ni, yau dai sai mun je asibiti."

A cikin keke napep Dada ta juya mata ƙeya, amma hannunta na cikin nata. A asibiti aka ɗebi ɗan naman wurin don gwaji. Juma'a ta zo ta wuce, ba wanda ya ta da zancen saki.

Bayan sati biyu Sista Mary, nas ɗin da ta duba Khairiyya, ta zaunar da su. "Mama, sankarar bakin mahaifa ce, amma an kama ta da wuri. HPV ce sila."

"Ni? Malam ya shekara goma sha ɗaya a kabari! Ban san wani namiji ba bayansa!"

"Na yarda, Mama. Tana iya kwanciya shekara ashirin shiru. Yawancin mutane sukan ɗauke ta, jiki ya kore ta ba su sani ba."

Dada ta juyo ta dubi Khairiyya, ta fashe da kuka. "'Yata, na yi miki ƙazafi..."

"Ya wuce, Dada."

Aka cire mahaifar, Khairiyya ce ta yi jinya. Da Dada ta miƙe, da kanta ta tasa jikarta Su'ad mai shekara tara zuwa allurar riga-kafin HPV, tana cewa, "Yi gaba, matsoraciya! Ni da aka yanka ban yi wannan raki ba!"

Cuta ba shaidar zina ba ce, kuma mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romonsa. Har yau idan Dada ta yi baƙi takan nuna Khairiyya ta ce, "Wannan ce na so kora, ita kuma ta wanke min zane."