Gidan Ina-Zuwa

"Wai don me ake ce mata Ina-zuwa?"

Wata sabuwar ɗaliba ce ta yi tambayar a bayan tagar aji huɗu, lokacin hutun ƙarfe tara. Yarinyar da ake magana a kanta tana cikin ajin, tana cin cincin. Ta ji komai.

Kubura, ƙawar yarinyar, ce ta ba da amsa. Ta ce kullum in an taso daga Islamiyya sukan leƙa gidansu su kira ta gaɗa. Sai ta ce "ina zuwa," idonta na kan waya. Har a kira magariba ba a ga ƙeyarta ba.

Yarinyar ta daina tauna. Ashe suna aka sa mata ba ta sani ba.

Da can ita ce gwanar gaɗa a unguwarsu a Daura. Amma tun da Umma ta yi sabuwar waya ta bar mata tsohuwar, sai tabarma ta zama wurin wasanta. Ga kallo, ga lemo, ga cincin. Jikinta ya yi nauyi. Maƙwabta kuwa yabo suke yi, wai tubarkalla ta yi ɓul-ɓul, hutu ya karɓe ta.

A makon nan Malama Murjanatu take zaɓen waɗanda za su yi gaɗa ranar rabon kyaututtuka. Yarinyar tana so ƙwarai, don haka ta shiga fili. A gaɗa, mai rawa takan juya baya ta faɗo, ƙawaye su cafe ta su cilla ta sama. Ita kuwa tun kafin waƙa ta yi nisa ta fara haki. Da ta faɗo, an cafe ta, amma cillawa ta gagara. Duk suka zube ƙasa, aka yi ta dariya.

Malama ba ta yi dariya ba. Ta ba ta ruwa, ta ce akwai sauran lokaci. In numfashinta ya dawo, za ta shiga. In bai dawo ba, sai dai ta yi tafi a gefe.

"Da yamma me kike yi a gida?" in ji Malama.

"Kallo a waya."

"Mutanen gidan fa?"

Yarinyar ba ta taɓa lura ba. Malama ta ce ta je ta duba.

Da ta koma gida sai ta kasa kunne. Ta roƙi Umma ta tsefe mata kai. Umma ta ce, "Ina zuwa," tana kallon bidiyon girki. Can Umma ta gaya wa Baba abinci na hucewa. Baba ya ce, "Ina zuwa," yana kallon ƙwallo a wayarsa. Aka kira Auta wanka. Yana kwance a tabarma, ya riƙe silifas a gaban fuska yana shafa shi da yatsa. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Ina juwa."

Yarinyar ta kasa riƙe dariya.

"Umma, mu duka gidan nan zuwa muke ta yi. Wai ina za mu ne?"

Umma ta ɗago. Ta dubi 'yarta, ta dubi Auta da silifas ɗinsa. Yarinyar ta ba ta labarin sunan da na faɗuwar. Umma ta miƙe. Sannan ta sa wayarta a kwano, ta karɓi tsohuwar ma ta sa, ta rufe da faifai.

"Je ki sa sakata," in ji ta a hankali. "Kafin a kawo ni gidan nan, a Sandamu ba wadda ta fi ni gaɗa."

Umma ta ci ɗamara da ɗankwali. Ta nuna mata wani juyi da yarinyar ba ta taɓa gani ba. Ba a jima ba ita ma ta fara haki. Suka zauna suna dariya. Baba ya leƙo daga ɗaki, ya yi gyaran murya, ya ce shi bai ga komai ba. Washegari shi ma ya sa tasa a kwanon, ya ɗauki Auta suka taka zuwa gona.

Daga nan kwano ya zama ɗakin wayoyi kowace yamma. Yalo da goruba suka maye gurbin cincin. Yarinyar ta koma fita wasa. Da farko da wuya, amma sannu-sannu hakin ya tafi.

Ranar zaɓe ta ƙarshe ta faɗo, aka cafe ta, aka cilla ta sama, ta dira a kan ƙafafunta. Malama ta ce ta shiga. Sannan ta gaya wa ɗalibai cewa jiki yana son motsi kamar yadda yake son abinci, kuma yaro abin da ya ga manya na yi shi yake yi. In gida ya tashi, yara ma za su tashi.

A hanyar gida Kubura ta dame ta da tambaya, wai wa ya koya mata wannan juyin. Yarinyar ta buɗe baki, sai ta tuna kunyar Umma. Matar aure da gaɗa, in unguwa ta ji, Umma ba za ta iya leƙa ko zaure ba. Sai ta yi murmushi kawai. Wannan kam tsakaninta da Umma ne, ba wanda zai ji.