Na Biyu a Jeri

A cikin jirgin ruwan da ke tasowa daga Ullapool zuwa Stornoway, babban garin tsibirinmu, Marsali ta fara ganinsa, ana saura wata guda zaɓe. Teku ta yi fushi ranar. Yana zaune a ƙasa kusa da ƙofar banɗaki, ya rungume wani kwali, zufa na keto masa duk da sanyi. Jirgi ya karkata, kwalin ya kife, takardun kamfe suka watse har gaban ƙafarta. Ta ɗauki ɗaya, sai ga fuskar mahaifinta.

"Saboda wannan tsohon kake shan wahala haka?"

Da ƙyar ya ɗago. "Tsohon nan ya fi dutse taurin kai. Amma ba don shi ba, da tuni an manta da tsibiranku a Edinburgh."

"Zan gaya masa duka biyun. Babana ne."

Ya rufe ido. "Don Allah ki jefa ni ruwa, mu huta."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ba shi alewar citta, ta durƙusa ta taya shi tsince takardun.

Sunansa Lachlan Gunn, malamin makaranta daga Thurso. Ita kuwa 'yar yayana Torquil Macritchie ce, ita kaɗai Allah ya ba shi, tana saƙar yadin ulu a rumfar bayan gida. Ni ce gwaggonta Ishbel, katanga ɗaya ta raba gidana da nasu.

Shekara goma Yaya Torquil na wakiltar yankinmu na Tuddai da Tsibirai a majalisar da ke Edinburgh. Ranar zaɓe takarda biyu ake ba mu, ta biyun jam'iyya ake dangwala wa, ita kuma ta riga ta jera sunayen mutanenta. Tamu ƙarama ce, cikin kujeru bakwai na yankin ba ta taɓa wuce ɗaya ba. Na ɗaya a jeri ya tafi Edinburgh, sauran kowa ya koma aikinsa. A wannan karon Torquil ne na ɗaya, Lachlan na biyu, kuma da ƙyar Torquil ya tsere masa a ƙuri'ar cikin gida. Na uku Innes Tolmie ne, lauya a Inverness, mai riƙe da takardun gidanmu. Shekara biyu yana kawo wa Dolina, matar yayana, furanni, yana kallon Marsali ta gefen ido.

Torquil ya koma kujerarsa. Lachlan kuwa bai daina hawa jirgin da ke juya masa ciki ba. Marsali ta nuna mini saƙonninsu daga baya.

"Na Biyu, ka iso da ƙafarka ko a kwali za a sauko da kai?"

"Na iso, 'yar saƙata. Rabin raina na bar shi a teku. Ragowar naki ne, ki zo ki karɓa kafin ya lalace."

"Ka ci wani abu tukuna. Ba na son saurayi mai kalar kifi."

Ranar da ya zo neman izinin aurenta, Dolina ta dafa miyar rago da sha'ir. Torquil ya bari sai da aka yi addu'a, ya ajiye cokali.

"Marsali, kin san aikin na biyu a jeri?"

"Baba..."

"Aikinsa ɗaya ne, jira. In na faɗi yau ba a sake zaɓe. Wasiƙa kawai za a aika masa, ya je ya zauna inda nake zama. Duk tarin da na yi, wannan yaron ne mutum na farko da zai amfana. Shi kike so in ba ɗaki a gidana?"

Lachlan ya ce, "Yallaɓai, 'yarka na zo nema, ba kujerarka ba."

"Bara ai kujerar ka nema, na ga ƙuri'un. Sha miyarka, jirgi ƙarfe biyu yake tashi."

Dolina ta biyo Marsali ɗaki. "Ga Innes nan, mai natsuwa, na uku ne, ba ya jiran mutuwar kowa."

"Mama, Innes in ya yi murmushi sai in duba ko jakata na nan."

Haka aka yi shekara biyu. Marsali ta ce ba za ta yi aure Baba na fushi ba, kuma ba za ta auri wani ba. Ta rame. Sai ka ji masaƙa na bugawa tun safe har yamma ba hutu, ka san kuka take ɓoyewa.

Wata rana ta rubuta masa. "Masoyina, na gaji. Kullum ina tsakaninku kamar zare a bakin almakashi."

"Ki ce in cire sunana daga jerin, gobe in cire."

"In ka cire zai ce ka ji tsoro. In ka bari ya ce kana jira. Ni ban san ta inda zan bi ba."

"To mu tsaya a nan tare. Ba inda za ni."

Wata Talata cikin Nuwamba, Torquil yana gida, ya fita da safe ya duba tumaki. Ni na hango shi ta taga, kwance jikin shinge, karensa na zagaya shi. Kafin likita ya iso ya cika. Yayana da ya goya ni zuwa makaranta, ko kalma ɗaya bai bar mini ba.

Marsali ta zauna a ƙasa riƙe da hularsa, wayarta na can rumfar saƙa. Da yamma Innes ya sauko daga jirgin sama da baƙar riga. Ya yi ta'aziyya, sannan ya miƙa wa Dolina wayarsa.

"Ban so ki gani ba, Mama, amma gara ki ji daga bakin na gida."

Wata jarida ce. Ga hoton Torquil, ga na Lachlan a gefe yana murmushi. A ƙasa an rubuta abin da ya ce: "Na daɗe da shiryawa. In kujerar ta zo, da farin ciki zan karɓa."

Dolina ta karanta sau biyu. "Gawarsa ko sanyi ba ta yi ba. Torquil ya faɗa, muka ce zafin rai ne."

Marsali ta tashi kamar mai tafiya cikin barci, ta ɗauko wayarta. Kira goma sha ɗaya daga Lachlan. Ba ta buɗe saƙonninsa ba, ta rubuta nata.

"Kada ka zo. Kada ka sake kirana. Ka samu abin da kake jira."

Ranar Alhamis da hantsi na fita zubar da toka, na sami Lachlan tsaye a bakin shingen, ruwan sama na dukansa, ba hula.

"Gwaggo, ki saurare ni minti ɗaya, sannan ki kore ni."

"Minti ɗayan ma ka ci bashi. Faɗi."

"Ina tsakiyar aji aka kira ni, sha ɗaya saura. Ɗan jarida ne, ya ce ana raɗe-raɗin Yallaɓai zai yi murabus ya huta, ko na shirya? Na yi murna, Gwaggo, ba zan ɓoye miki ba. Na ce in ya sauka da kansa, shi ke nan ba sauran abin da zai hana mu aure. Sai ƙarfe ɗaya na ji ya rasu. Na rantse da Allah ban sani ba."

Ya ciro ambulan daga cikin riga. "Wannan wasiƙa ce zuwa ga jami'ar zaɓe. Na rubuta ba na son kujerar, na sa hannu. Ki ba Mama ta aika da kanta. Ban ce Marsali ta dawo mini ba. Kawai kada ta rayu tana zaton na yi murna da mutuwar babanta."

Na karɓa na shige, ban ce masa ya shigo ba.

Aikin da ke gabana ranar shi ne katunan igiya. Igiya takwas ake ɗaura wa akwatin gawa, a sauke shi da su, kowace da mai riƙe ta, kuma iyali ne ke rubuta sunaye. Ta wajen kai da ta wajen ƙafa, na jiki sosai ake ba wa. Torquil ba shi da ɗa namiji. Marsali ta ce ita za ta riƙe ta kai, ko da tsofaffin coci za su yi gunaguni. Ta ƙafa kuwa Dolina ta ce a rubuta Innes.

Na ɗauki biro, na rubuta harafin farko, sai hannuna ya tsaya. Sha ɗaya saura. Na ajiye biron na fara lissafin safiyar Talata. Likita ya tafi tara da rabi. Fasto yana wani ƙauye, sai azahar aka same shi. Maƙwabta sun sani, amma wa ke da lambar 'yan jarida a cikinsu? Mutum ɗaya aka kira a wajen tsibirin nan kafin sha biyu, kuma ni na kira shi, ƙarfe goma, don takardu na hannunsa.

Na shiga falo. Innes na zaune a kujerar Torquil yana shan shayi, Dolina da Marsali na gefe.

"Innes, da na kira ka ranar Talata, wa ka kira bayana?"

"Gwaggo, ranar ai kira ya yi yawa."

"Ni ba lauya ba ce, kada ka zagaya da ni. In Lachlan ya ƙi kujerar, wa ake aika wa wasiƙa?"

Marsali ce ta amsa, muryarta can ƙasa. "Na uku."

"Ni dai na sanar da wani abokina ɗan jarida, don a girmama marigayi," in ji Innes. "Yadda ya yi tambayarsa ba ruwana."

Dolina ta miƙe. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. "Ajiye kofin. Tashi daga kujerar mijina."

Da ya fita na ba ta ambulan ɗin, na faɗi abin da Lachlan ya gaya mini. Marsali ba ta jira ƙarshe ba. Ta fita da gudu ba takalmi. Yana nan inda na bar shi.

Ta taga muka gan su. Ta dunƙule hannu tana dukan ƙirjinsa tana kuka, shi kuma ya tsaya yana karɓa. Daga baya ta gaya mini abin da suka ce.

"Me ya sa ba ka fasa ƙofar ka shigo ba?"

"Kin ce kada in zo."

"Kuma ka zo!"

"Na zo bakin shinge. Rabin umarni na bi."

"Wawa. Wawana. Babana ya tafi, Lachlan, bai ce ya yarda ba, kuma ba zai taɓa cewa ba."

"Na sani, 'yar saƙata. Na sani."

Ta jawo shi ciki yana ɗigar ruwa. Dolina na tsaye gaban murhu da ambulan a hannu.

"Da gaske za ka bar kujerar saboda ita?"

"Na riga na sa hannu, Mama."

"To kai ma ba ka da wayo. Kujerar nan ba gadon Torquil ba ce da zan raba, ba kuma sadakin 'yata ba ce. Mutane daga Shetland har Argyll, duk faɗin yankinmu, sun dangwala wa jerin nan suna ganin sunanka a kai. Mijina ya ji tsoronka ne, don ya san za ka iya." Ta buɗe murhu ta jefa ambulan ɗin. "Ishbel, kawo katin nan."

Da hannunta ta soke harafin da na fara, ta rubuta Lachlan Gunn.

Ranar Jumma'a maza suka yi layi biyu a hanya suna karɓa-karɓar akwatin har maƙabarta a bakin teku. Ni da Dolina muka tsaya a ƙofar gida kamar yadda iyayenmu mata suka saba. Waɗanda suka je sun ce da aka kira sunan mai igiyar ƙafa, sai da mutane suka kalli juna. Marsali a kai, Lachlan a ƙafa, suka sauke Torquil a hankali. Ba wanda ya ƙara tambayar matsayin yaron a gidanmu.

Bayan mako biyu Lachlan ya yi rantsuwa a Edinburgh. Da yamma ya aiko wa Marsali saƙo.

"Sun nuna mini ofishinsa. Rigar ruwansa na rataye bayan ƙofa. Na kasa zama."

"Ka zauna, masoyina. Rigar ka kawo wa Mama. Kujerar ka riƙe ta da kyau."

An ɗaura auren cikin Yuni a cocinmu. Marsali ta sa mayafin ulu da ta saƙa da kanta, Dolina ce ta riƙo hannunta har gaban fasto. Da aka zo Zabura da harshenmu na Gelik, inda mutum ɗaya ke ja jama'a na amsawa, sai coci ya yi tsit, don shekara talatin Torquil ne ke ja mana. Wani dattijo ya miƙe ya fara. Muryarsa ba ta kai ba, ta karye a baiti na biyu. Muka ɗauka muka ƙarasa masa, muna kuka muna rerawa, amarya ma haka.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka. Allah ya sa Lachlan ya riƙe amanar mutanen yankin nan, ya riƙe ta 'yarmu fiye da haka. Yayana kuma, Allah ya ba shi hutawa. Da ya ƙara ko shekara ɗaya, na san da ya sauko daga fushinsa.