Furen Nuriyya

Da la'asar sakaliya Abdulshakur ya jingine babur ɗinsa a bakin wani tafki da ke bayan unguwar Runjin Sambo. Malamin gona ne. Masu lambun albasa sun kai kuka ofis cewa wata baƙuwar ciyawa ta rufe musu ruwa, shi ne aka turo shi ya gano ko wace iri ce, don gobe za a zo a kwashe ta a ƙona.

Baba Maccido, wani dattijo mai lambu a wurin, ya tarbe shi da ƙorafi.

"Malam, kainuwa mun san ta, bado mun san shi. Wagga kau ba tamu ta ba. Shekara biyu ke nan, kihi duk sun mace, injin ban ruwa kullum a toshe."

Abdulshakur ya tsuguna ya duba. Ganye mai kauri da sheƙi. Kara a kumbure kamar ɗan gora. Saiwa baƙa, sai ka ce gashin da ba a taje ba. Can ya hango furen, shuɗi mai ɗigon rawaya a tsakiya.

Wayyo, ai ya san shi. Matarsa Nuriyya ce ta zo da shi daga Yawuri cikin roba, ta saka shi a tsohon baho a ƙofar ɗakin girki. Kullum sai ta ƙara masa ruwa tana masa surutu, shi kuma yana tsokanarta wai ta fi son ciyawa da mijinta. Ciwon kwana uku ya ɗauke ta. Bayan sadakar arba'in ya kasa jure ganin bahon, ya ɗauko shi ya juye a nan. Shi da ya karanci tsirrai! Baƙin ciki ya rufe masa ido, ga shi ya kashe wa bayin Allah ruwa.

Gobe kuma za a cinna wa abin wuta, alhali shi kaɗai ya rage da rai a cikin duk abin da hannunta ya taɓa. Ya tuɓe takalmi. Tsiro ɗaya kawai yake so, mai fure, ya mayar gida.

"Kul, malam," in ji Maccido ƙasa-ƙasa. "Magariba ta kawo jiki. Masu wurin ga ba su son a amshe abin da anka ba su."

Bai ji ba. Dattijon ya kaɗa kai ya tafi alwala.

Ruwan da ɗumi. Laka na tsotsar ƙafarsa. Wari ne na ruɓaɓɓen ganye da mushen kifi. Ya kutsa har gwiwa, har ƙugu, ko bisimilla bai yi ba. Ya miƙa hannu ya tsige furen.

Kwaɗi suka yi tsit, gaba ɗaya.

Warin ya ɗauke. Ƙamshin humra ya maye gurbinsa, irin wadda take shafawa ranar Juma'a.

"Abdul."

Daga bayansa. Ita kaɗai ke yanke sunan haka, tana jan ƙarshensa.

"Ka zubar da ni, Abdul. Da sanyi a nan."

Ya san matarsa tana maƙabarta, da hannunsa ya sa ta. Ya san ba ita ba ce. Amma shekara biyu bai ji muryar nan ba, sai ya tsaya, hawaye na zuba.

"Ƙara faɗi," ya ce da raɗa.

Ganyen suka fara matsowa, ba iska. Suka rufe hanyar da ya biyo. Wani abu mai santsi ya naɗe masa idon sawu, ya hau ƙwauri.

"Zo mana. Taku ɗaya ne."

Ruwa ya kai ƙirji.

Ya kai wuya.

Can cikin gari ladan ya ɗaga murya. Abdulshakur ya buɗe baki zai yi addu'a, ruwa ya shiga. Furen na hannunsa, kuma ta nan ake jan sa ƙasa.

"Kada ka sake ni sau biyu."

Ya saki.

Bai san yadda ya fito ba. Ya dai farfaɗo a kan kunyar albasa, Maccido na tofa masa Ayatul Kursiyyu, gashi baƙi dogo a nannaɗe da ƙafafunsa biyu.

Washegari aka kwashe ciyawar. A gaban manoma ya faɗi cewa shi ne ya zuba ta a tafkin, ya roƙi gafara, kuma shi da kansa ya ƙyasta ashana. Damina na zagayowa kifi suka dawo.

Sai dai an riƙe masa wani abu a tafkin nan. Da can, in ya rufe ido yakan ji Nuriyya tana dariya a ƙofar ɗakin girki, tana kiransa ya zo ya ga sabon fure. Yanzu ko ya kwana yana nema, dariyar ba ta zuwa. Abu ɗaya muryarta ke ce masa, wai da sanyi a nan.