Ranar da Aka Kira Nuala

Sanyin Donegal ba ya tausayin kowa, balle marainiya. Nuala na durƙushe a bayan mashayar Goggonta Concepta tana gyaran kifi, yatsu duk sun tsattsage, gishiri na shiga ciki, sai rediyon kicin ya saki wata waƙa... Wuƙar ta suɓuce mata. Waƙarta ce! Wadda ta tsara wa mahaifinta Condy da teku ta cinye tare da abokan jirginsa, wadda take rerawa ƙasa-ƙasa in tana wanke kofuna. Ga ta an sa mata ganga da jitar lantarki, ga muryar Malachy ɗan Goggo, mai gabatarwa kuma sai zuba masa kirari yake, wai shi ya tsara.

Ta faɗa kicin tana haki. "Goggo, waƙar Babana ce! Yaya Malachy ya..."

Tas! Mari ya rufe mata baki. "Waƙar ubanki? Uban naki da ko jirgi ya kasa dawowa da shi? Ke da ƙarnin kifi har cikin gashi, ke ce mai tsara waƙa? Fita ki ƙarasa aikinki, 'yar baƙin ciki!"

Abin bai tsaya nan ba. Malachy ya dawo daga Dublin da gashi har kafaɗa, ya shiga ɗakinta ya saɓa jitar mahaifinta, ita kaɗai ce gadon da ya rage mata. Ta riƙe masa ƙafa tana kuka, ya fizge yana dariya: "Haba ƙanwata, kifi za ki kaɗa wa?" Goggo kuwa ta bi gari, har gidan Fada, limamin coci, tana cewa baƙin ciki ya taɓa kan yarinyar, ta fara ƙagen waƙoƙin mutane. Aka cire ta daga mawaƙan coci. Yara suka riƙa jifanta da tsakuwa. Sai ta tafi bakin teku ta durƙusa, hawaye na zuba: "Ya Ubangiji, ba ni da uwa, ba ni da uba... Kai kaɗai Ka ji lokacin da na yi ta. Kada Ka bari a binne sunan Babana sau biyu!"

Bikin kifi ya zo. Ranar Lahadi bayan coci mashaya ta cika maƙil, har da wani mai kamfanin faifai da ya zo ɗaukar Malachy. To, a zaman waƙarmu, wanda ya gama shi ke kiran na gaba, kuma wanda aka kira ba ya ƙi, mai gida ma ba shi da ikon hanawa. Malachy ya buga waƙar da makaɗansa, aka yi ta tafi, baƙar giya ta hau masa kai. Ya hango Nuala da faranti, ya ga ga abin ba'a ya samu.

"Jama'a, kira nawa ne! Ina kiran babbar mawaƙiyarmu, sarauniyar ƙayar kifi!"

Goggo ta yi wuf za ta hana. Tsoho Hudie mai goge ya buga sanda a ƙasa. "Zauna, Concepta. Ɗanki ne ya kira, ba ni ba."

Nuala ta ajiye faranti. Ta juya wa mutane gefe, ta rufe ido, ta ɗauko waƙar a hankali, ba ganga ba jita. Dariya ta mutu. Ta wuce inda Malachy ke tsayawa, ta shiga baitin da bai taɓa ji ba, wanda ba ta iya yi a kan wanke-wanke saboda kuka: tana kiran mutanen jirgin ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunan da matarsa ke kiransa a gida. Wayyo! Maza da gemu suka riƙa share hawaye da hula.

Sai wata tsohuwa ta miƙe, Sorcha, wadda mijinta na cikin jirgin. A tsibiri take zaune, ko rediyo ba ta da shi. Ta kama hannun Nuala tana juya shi yadda ake wa mai waƙa don ƙarfafa shi, har aka kai ƙarshe, sannan ta waiwayo ga Malachy.

"Wannan yarinyar ta yi mini waƙar nan a kicin ɗina ranar addu'ar cika wata na mijina, lokacin kai kana Glasgow kana tallan takalma. Kai ɗan nan! Tun da taka ce, wane ne na uku a jirgin? Faɗa mana!"

 Malachy ya kalli uwarsa, uwar ta kalli ƙasa.

"Ajiye jitar marigayi," in ji Hudie, "kafin in ajiye ka."

Mai gangar Malachy ne ya fara tsallakowa wajen Nuala, sauran suka biyo. Mai kamfani bai ko yi wa Malachy sallama ba. Daga ranar babu masuncin da ya sake taka mashayar Concepta, har ta rufe. Ɗan nata kuma ya tsere Ingila haƙar rami, inda ba wanda ya san fuskarsa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, Nuala ba ta zama tauraruwar duniya ba. Faifai uku ta yi, ta sha yawo a tsohuwar mota daga Galway zuwa Hamburg, wani wurin mutum talatin ne a zaure. Amma ranar da faifan farko ya fito, ta shiga kwalekwale ta kai wa Sorcha. Tsohuwar ta juya shi, ta sake juyawa, ta ce, "Idona ya mutu, 'yata. Karanta mini, sunan wa aka sa a ƙasan waƙar?"

Nuala ta share hawaye, ta ɗaga murya yadda har maƙwabta suka ji.

"Nuala Gillespie, Inna. 'Yar Condy."