Kitson Kaka a Hannun Dogo

Jakar littattafan Auta ta suɓuce daga kafaɗarta ta faɗi a bakin ƙofar falo.

"Innalillahi... Dogo?!"

Shi ne kuwa. Ɗan ajinsu, wanda manyansa ke shirin zuwa neman aurenta, zaune a kujerar Baba ya naɗe hannun riga, tsinken kitso a bakinsa. Kaka na gabansa a kan tabarma, rabin kanta a tsefe, ɗaya rabin kuma an jera masa wasu layuka karkatattu kamar hanyar tururuwa.

Kitso yake mata!

"Sannu da zuwa, hasken idona," ya ce ta gefen baki. "Aikin Malama nake yi."

Auta ta dafa bango.

Ta san aikin. A ajinsu na rubutu kan zaman maza da mata, Malama ba ta karɓar abin da aka kwaso daga littafi. Cewa ta yi kowa ya je ya taɓa aikin da ake cewa ba na jinsinsa ba ne, sannan ya rubuta abin da hannunsa ya ji. Ita Auta da hadda ta shigo kwalejin, ta haɗiye shafi ta amayar ranar jarrabawa. Dogo ne ya koya mata rubuta shafi guda kowace safiya, su haɗu a ƙarƙashin matakalar ɗakin karatu kowa ya karanta wa ɗan'uwansa, su soke abin sokewa. A wajen soke-soken nan ne so ya shiga.

"Amma a gidanmu, Dogo? Duk kawunan duniya ka rasa sai na Kaka?"

"Ba ke kika aiko ba? Gimbiya ta ce kin ce in zo yau, wai Baba zai ji daɗi..."

Gimbiya! Wadda ke zama a bayansa a aji, wadda ta roƙi ya zama abokin karatunta ya ce yana da tasa.

Kafin Auta ta buɗe baki aka banko ƙofa. Yaya ne, waya a hannu, yana huci. Baba na biye da shi cikin kayan gareji.

"Ga shi nan, Baba! Wallahi yarinyar da ta kira ni ba ta yi ƙarya ba! Wannan za a ba ƙanwata? Gobe kuma sai ya ɗaura zani!"

Dogo ya zabura zai miƙe.

"Zauna, mijina," in ji Kaka. "Babu mai fita ya bar ni da rabin kai kamar kazar da aka fasa figewa."

Auta ta zube a gaban Baba, hawaye na zuba.

"Baba, don Allah... aikin makaranta ne. Kada ka raba mu..."

Baba bai dube ta ba. Idonsa na kan Kaka. Tun farko da ƙyar ya amince da yaron da bai iya riƙe sifana ba, kowa a ɗakin ya san kalma ɗaya ta isa ta rushe komai.

Ya tako a hankali har gaban Dogo. Ya ɗaga hannu.

Auta ta runtse ido.

Ba ta ji ƙarar mari ba.

"Wa ya ce maka haka ake tsaga?"

Ta buɗe ido. Baba ya zare tsinken daga bakin Dogo, ya goge hannunsa a wando, ya durƙusa. Manyan yatsun nan da baƙin mai ya rina suka ja tsaga miƙaƙƙiya daga goshi har ƙeya, suka shiga saƙa gashi cikin sauri, layi sumul kamar an ɗora zare.

Wayar Yaya ta faɗi ƙasa.

"Baba...?!"

"Rufe baki kada ƙuda ya shiga," Kaka ta ce masa. Ta juyo da ido wajen Auta. "Da uwarki ta rasu, ke kina 'yar mitsitsiya, kowa ya taɓa kanki sai ki shiɗe da kuka. Ubanki kaɗai kike yarda da shi. Sai ya kulle ƙofa, ki yi barci a cinyarsa, ya yi ta fama har ya ƙware. Da safe maƙwabta su yi ta yaba hannuna."

Auta ta kai hannu kanta ba ta sani ba.

"Baba... kai ne?"

Baba ya ɗaure ƙarshen layin. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

Ya miƙa wa Dogo tsinken.

"Ka ce wa manyanka su zo yadda aka tsara."

Dogo ya karɓa da hannu biyu.

"Amma fa warware wannan shirmen naka ka sake daga farko," in ji Baba, yana jawo kujera kusa. "Ina kallo."